Jagorar Malamin Aji: Yadda Labarin Makaranta Zai Riƙa Isa Gida Tun Daga Aji Ɗaya Har Ƙofar Babbar Sakandare

Wata Talata da hantsi ina cike rajistar aji sai aka ce ana sallama da ni a bakin ofishin malamai. Na fito na tarar da wani dattijo, tela ne a unguwarmu, tare da 'yarsa wadda na riƙe ajinsu shekara uku a ƙaramar sakandare. Lokacin tana aji biyu na babbar sakandare. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, yarinyar nan tun tana ƙarama aikin asibiti take so. Jiya ɗan wana da ke jami'a ya duba littattafanta ya ce ai ba ta fiziks, ba ta kemistiri. Ya aka yi haka?"

Yadda aka yi shi ne, lissafinta ya fara zamewa tun zango na biyu a aji biyu na ƙaramar sakandare, da aka zo rabon azuzuwa aka tura ta ajin adabi, wanda yara ke kira at, ta shekara guda da zango ɗaya a can. Katin sakamako tara muka ba ta ta kai gida cikin shekara uku, kuma duk ya sa hannu. Tambaya ɗaya yake mata duk ƙarshen zango: "Ta nawa kika zo?" Ita kuwa ba ta taɓa wuce ta goma sha biyar ba a aji mai yara kusan casa'in, saboda Hausa da addini da nazarin zamantakewa suna ɗaga ta. Babu wanda ya taɓa zama da shi ya ce masa, "Baba, wannan layin na lissafi shi ne ƙofar asibitin da take so, kuma ƙofar tana rufewa." Ni ne ya kamata in faɗa, ban faɗa ba.

Daga ranar na sauya yadda nake hulɗa da gidajen yaran ajina. Abin da zan zayyana a nan shi ne tsarin da na tsaya a kai. Malamin aji nake nufi da shi, amma uba ko uwa ko yayan da ya karanta zai san abin da ya kamata ya nema a wajen makaranta in ba a ba shi ba.

Me ya sa waɗannan shekaru uku na ƙaramar sakandare suka fi hatsari? Tun farkon shekarun 1980 Najeriya ta raba sakandare gida biyu, uku ƙarama uku babba. Da aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato a 1999, aka kuma yi masa doka a 2004, sai aka haɗa firamare shida da ƙaramar sakandare uku suka zama shekara tara na dole kuma kyauta. Ma'ana, aji uku shi ne iyakar inda doka ta raka yaro. Daga nan hanya ta rabu: kimiyya, adabi, kasuwanci, makarantar fasaha, makarantar Arabiyya, ko kuma gida. Yawancin iyaye ba su san akwai mararraba a gaba ba sai an wuce ta.

Mataki na farko: ka san gidan da kake magana da shi

Sati biyun farko na aji ɗaya, ka sayi littafi mai kauri ka ware wa kowane yaro shafi guda. Kada ka dogara da fom ɗin da aka cike ranar ɗaukar ɗalibai, domin lambar da ke ciki sau da yawa ta wani maƙwabci ce da ya rako yaron, ko ta uban da ke Legas ko Fatakwal yana neman abinci, sai sallah sallah yake zuwa.

Abin da kake son sani shi ne a hannun wa yaron yake. Wani yana wajen kakarsa, wata riƙonta ake yi a gidan gwaggo, wani kuma yayansa mai shagon caji shi ke biyan komai, shi kuma ake jin tsoro. Rubuta lamba biyu, ta namiji da ta mace in zai yiwu. Rubuta ko babbar waya ce ko ƙarama mai madannai. Rubuta ko mai wayar yana karanta boko, ko ajami, ko sai dai a gaya masa da baki. Rubuta lokacin da ake samunsa: direba ba ya ɗaga waya da safe, mai shayi kuma da safen ne kasuwarsa ke ci. Sannan ka rubuta abin da yaron yake yi bayan an tashi: Islamiyya, talla, gareji, shagon ɗinki, gona, kiwo. Wannan layin na ƙarshe shi zai fassara maka rabin abin da za ka gani a aji nan gaba, daga gyangyaɗi har rashin yin aikin gida.

Kada ka yi waɗannan tambayoyi a gaban aji. Yaron da uwarsa ta fita daga gidan, ko maraya, ba zai ɗaga hannu ya faɗa ba, ƙarya zai yi maka, kuma ƙaryar ce za ta zauna a littafinka shekara uku. Kira su ɗaya bayan ɗaya lokacin tara, biyar yau biyar gobe.

A shafin nan kuma ka kwafi sunan yaro da ranar haihuwarsa harafi da harafi daga takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Wanda ba shi da ita, ka sa alama da jan biro. Za mu dawo kan wannan, don nan ne kuka ke fitowa daga baya.

Mataki na biyu: taron farko, kuma ba na kuɗi ba

Iyaye sun saba idan aka ce taron iyaye da malamai, to maganar kuɗin gyaran rufi ce ko kujeru. Shi ya sa suke turo ƙaramin ƙane ya wakilce su. Nemi izinin shugaban makaranta ka kira taron ajinka kaɗai, ka kuma faɗa a cikin gayyatar cewa babu karɓar ko sisi.

Lokaci yana da muhimmanci. A ƙauye kada ka kuskura ka sa ranar kasuwa. A birni bayan la'asar ranar Asabar ko Lahadi ya fi yi mini. Mata kuwa, a wurare da yawa ba za su zauna cikin maza su yi tambaya ba, wasu ma ba za a bar su su fito ba. Ka nemi wata malama ta yi nasu zaman daban, ko a makaranta ko a gidan wata dattijuwa da ake girmamawa a unguwar. In makarantarku tana da kwamitin SBMC mai rai, wato kwamitin mutanen gari da ke taya kula da makaranta, akwai wakilan mata a ciki, yi amfani da su. Na ga abin da ya tabbatar mini cewa maganar da ta shiga kunnen uwa ta fi daɗewa a gida, domin ita ke ganin ko an buɗe jaka da daddare.

A taron, allo da alli sun ishe ka. Zana layi mai gida uku, aji ɗaya, biyu, uku, ka rubuta BECE, wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, a ƙarshensa, sannan ka fitar da rassa. Faɗa musu da Hausa tsantsa cewa kowace shekara zango uku ce, na farko daga wajen Satumba zuwa Disamba, na biyu daga Janairu zuwa wajen Afrilu, na uku ya ƙare a Yuli. Faɗa musu darussan da yaro zai yi a wannan shekara. Nan ka yi hattara, kada ka karanta tsohon jeri daga ka: a 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sabuwar manhaja da ta rage yawan darussa ta kuma kawo darussan sana'a irin su haɗa sola, ɗinki, kiwo da gyaran waya da kwamfuta, kuma ba lokaci guda kowace makaranta ke sauyawa ba. Abin da ke kan jadawalin ajinka na bana shi za ka faɗa.

Sannan ka faɗi maganar da ta tara ku: Turanci da lissafi da kimiyya su ne ukun da za su yanke wa yaro hanya. Ba don sauran ba su da daraja ba, ni kaina Hausa na karanta. Sai don kusan duk sauran darussan da Turanci ake rubuta jarrabawarsu, kuma lissafi ne mai gadin ƙofar kimiyya.

Mataki na uku: hanyar da saƙo zai riƙa bi

Takardar da aka ba yaro ya kai gida, rabinta a jaka take kwana har ta yi laushi, ta sha man ƙosai. Na taɓa zazzage jakar wani yaro a zango na uku na samu gayyatar taron zango na farko a ninke cikin littafin aikin gona. Don haka takarda ita kaɗai ba hanya ba ce.

Abin da ya fi yi mini aiki shi ne saƙon murya. Duk ranar Alhamis bayan isha'i nakan tura guda ɗaya a zauren WhatsApp na iyayen ajin, bai wuce minti ɗaya da rabi ba. Tsarinsa ba ya sauyawa, don kunne ya saba: sallama, abin da aka koya a lissafi da Turanci wannan satin, gwajin da ke tafe da ranarsa, abin da yaro zai zo da shi, sai ranar hutu in akwai. Misali: "Assalamu alaikum iyayenmu. Wannan satin a lissafi mun shiga rabon abu kashi-kashi, rabi da sulusi da rubu'i. Ranar Talata akwai gwaji a kai. Don Allah a tambayi yaro ya nuna littafinsa, a ga ko akwai jan biron malami a shafin ƙarshe." Uwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya gane jan biro.

Zauren yana buƙatar linzami. Kulle shi yadda malami da wakilin iyaye ɗaya ko biyu kaɗai ke iya turawa, in ba haka ba kafin sati biyu ya cika da tallan atamfa, bidiyon siyasa da saƙon "tura wa mutum goma". Mai tambaya ya kira ka kai tsaye. Kuma kada ka taɓa saka sakamakon yaro, ko laifinsa, ko jerin waɗanda ba su biya wani abu ba a zaure. Uban da aka kunyata a gaban maƙwabtansa ba zai sake ɗaga wayarka ba, yaron kuma shi zai sha bulalar.

Masu ƙananan wayoyi fa? A ajina sun kai sulusi. Su ne kuma galibi suka fi buƙatar labarin. Na raba su rukuni-rukuni bisa unguwa, kowane rukuni na nemi gida ɗaya mai babbar waya da ya yarda a riƙa sauraron saƙon a wajensa. Abin da ya shafi yaro ɗaya kuwa, kira nake yi. Katin waya daga aljihuna yake fita, ba zan ɓoye ba, kuma albashin malami kowa ya san shi. Shi ya sa nake ƙayyade kira biyar a sati, ina bin littafin nan bi da bi, yadda kafin zango biyu su ƙare kowane gida ya ji muryata ko sau ɗaya. Sanarwa babba, kamar ranar rufe rajistar jarrabawa, ana iya roƙon liman ya faɗa bayan sallah ko mai unguwa ya sa a yi shela.

Abu ɗaya da na koya da wuya: kiran farko da za ka yi wa gida kada ya zama na ƙara. Nemo abin yabo ko ƙanƙane ne. "Hajiya, na kira ne in gaya miki rubutun 'yarki ya yi kyau wannan watan." Za ka ji shiru na ɗan lokaci, tana jiran "amma". In babu amma, ka sami abokiyar aiki ta shekara uku.

Mataki na huɗu: koya musu karanta katin sakamako

Ranar ba da kati a ƙarshen zangon farko, kada ka miƙa wa yara. Ka ce babba ya zo ya karɓa, ko da yaya ne ko kawu. Ajiye minti uku ga kowa.

Rufe gurbin "na nawa ya zo" da babban yatsanka, a zahiri nake nufi, ka ce a bar wannan tukuna. Nuna masa cewa kowane darasi maki biyu ne aka haɗa: na gwaje-gwaje da ayyukan cikin zango, wanda muke kira CA, yawanci kashi 30 ko 40 cikin ɗari gwargwadon tsarin makaranta, da na jarrabawar ƙarshe. Yaron da ke fashi ranar gwaji ya zubar da maki tun kafin a shiga ɗakin jarrabawa. Iyaye da yawa sun ɗauka satin jarrabawa ne kaɗai ba a wasa da shi, shi ya sa ake aiken yaro kasuwa ranar Talata ba tare da an san an yi asarar maki goma ba.

Sai ka sa yatsa a kan layuka ukun nan, Turanci, lissafi, kimiyya, ka faɗi makin da baki. A zango na gaba ka ajiye katin da ya wuce kusa da sabon, a ga hawa ko sauka. Matsayi a aji yaudara ne: na biyar a ajin da duk aka faɗi lissafi bai fi na talatin a wani ajin ba.

Akwai gwajin da kowane gida zai iya yi ba tare da boko ba, kuma ina koya wa iyaye shi. A ce wa yaro, mudun shinkafa kaza ne, in an sayi bakwai aka ba da kuɗi kaza, nawa ne canji? Uwa ta san amsar da ka, ita da ke cefane kullum. In ɗan aji biyu ya tsaya yana ƙirga yatsu yana zufa, akwai gyara. Na biyu, a ba shi littafin Turancinsa ya karanta rabin shafi da ƙarfi, sannan a rufe littafin a ce ya ba da labarin da Hausa. Akwai yaran da ke rera Turanci tiryan-tiryan kamar hadda, amma ba su san abin da suka faɗa ba. Wannan gwajin yana tona su nan take.

Mataki na biyar: fashi

Ƙa'idata kwana uku. Yaro ya yi kwana uku a jere ba a gan shi ba, ina kira. Ba na jira sai sati biyu.

Dalilan suna da lokutansu. Zangon farko yana haɗuwa da kaka, ana ɗauke yara girbi da sussuka. Zango na uku yana haɗuwa da faɗuwar damina. Faɗa da uba a kan gonarsa ɓata baki ne. Abin da nake yi shi ne in ba shi ranakun gwaji tun da wuri in roƙe shi waɗannan kaɗai. Mafi yawa suna yarda.

'Yan mata kuma a waɗannan shekarun ne suke fara al'ada, kuma makarantar da babu banɗaki mai ƙofa da ruwa, yarinya za ta zauna a gida kwana uku ko huɗu duk wata ba ta gaya wa kowa dalili ba. In ka lura fashin wata yana zuwa wata-wata, ba maganarka ba ce kai namiji. Sanar da malama ta yi magana da uwar.

Mataki na shida: aji biyu, shekarar da kowa ke sakaci

Aji ɗaya akwai ɗokin sabon yunifom. Aji uku akwai tsoron jarrabawa. Aji biyu ba ɗoki ba tsoro, kuma a nan lissafi ke rikiɗa: haruffa su yi yawa a cikin lambobi, a shiga aljabara sosai, a zo kan lambobin da ke ƙasa da sifili. Yaron da bai haddace sau ba tun firamare, a nan yake sakin layi, ya koma kujerar baya ya riƙa kwafe abin da ke allo ba tare da ya fahimta ba. Littafinsa cike tsaf, kansa fayau.

Saboda haka a tsakiyar zango na biyu na aji biyu nake zama da malaman lissafi da Turanci mu fitar da sunayen waɗanda ke zamewa. Kowanne ina kiran gidansu, kuma ba na cewa "a ƙara ƙoƙari", don wannan ba magana ba ce. Ina cewa, "Alhaji, yaron nan sau bakwai da sau takwas ne ba su zauna ba. A ba shi minti ashirin bayan magariba, yayarsa ta riƙa tambayarsa, wata guda." Ba kowane gida ke da kuɗin lesin ba, amma kusan kowace unguwa tana da ɗalibin kwalejin ilimi ko ɗan bautar ƙasa da zai karɓi yara huɗu ko biyar a zaure in iyaye sun haɗa ɗan abin sabulu.

A wannan shekarar kuma nake fara tambayar yara me suke so su zama, in rubuta da fensir. Da fensir, domin zai sauya.

Mataki na bakwai: aji uku, takardu kafin komai

Satin farko na aji uku ka koma kan sunayen nan da ka sa wa jan biro. Sunan da aka yi wa yaro rajistar BECE da shi, shi ya kamata ya bi shi zuwa WAEC da NECO da JAMB, kuma tun 2021 JAMB ba ta rajista sai da lambar NIN. Mu kuwa sunayenmu kowa da yadda yake rubuta su: Muhammad, Mohammed, Muhammadu, Aisha, A'ishatu, wani a firamare sunan garinsu ne a ƙarshe, a sakandare sunan kakansa. Ranar haihuwa kuma sau da yawa malamin da ke cike fom ne ya ƙirƙiro ta, shi ya sa rabin aji aka haife su ran 1 ga Janairu. Gyaran wannan daga baya yana cin kuɗi, da rantsuwar kotu, da zirga-zirga, wani lokaci har ya ci wa yaro shekara.

Don haka ka tura wa kowane gida sunan da ranar haihuwar kamar yadda za a shigar, a duba a amince kafin a tura. Wanda ba shi da NIN a kai shi yanzu. Yaron da bai kai shekara 16 ba ana yi masa ne da lambar mahaifi ko mariƙinsa tare da takardar haihuwa.

Sannan ka bayyana musu jarrabawar kanta. BECE a zango na uku ake yin ta. NECO, mai hedikwata a Minna, tana shirya tata wadda makarantun tarayya da makarantun kuɗi da yawa ke yi, jihohi kuma suna shirya nasu. Gaya musu wacce makarantarku ke yi, wa ke biya, kuma yaushe ake rufe rajista. In iyaye ne za su biya, faɗa tun Satumba don a fara tari ko a shiga adashi.

Kada ka tsaya a BECE. Akwai ƙofofin da ke da jarrabawar shigarsu daban, kuma fom ɗinsu yana fitowa ya rufe yaro yana aji uku, iyaye ba su ji ba. A Kano, misali, akwai kwalejojin kimiyya irin na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka kafa a 1977, waɗanda suka yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa, da na 'yan mata irin ta Garko, duk a ƙarƙashin hukumar makarantun kimiyya da fasaha ta jiha. Akwai kwalejojin fasaha, inda ake koyon lantarki, kanikanci, gini da kafinta a ƙare da jarrabawar NABTEB. Akwai makarantun Arabiyya da ke ƙarewa da jarrabawar NBAIS. Aikin malamin aji ne ya sa kunne, ranar da fom ya fito a daren saƙo ya tafi.

Ina da ra'ayi a kan makarantun fasaha, kuma ina faɗa wa iyaye ba kunya. Mun mai da su wurin jefa wanda "bai da ƙoƙari", alhali yaron da ke kwance rediyo ya ɗaure tun yana aji ɗaya, can ne zai yi fice, kuma takardar NABTEB ana shiga gaba da ita.

Mataki na takwas: zaman mutum uku

Wannan shi ne zaman da ban yi da telan nan ba. Kafin a fara BECE, kowane yaro ya zo da babbansa, ku zauna ku uku, katunan zango takwas a shimfiɗe a tebur.

Fara da yaron, kuma ka roƙi uban da ladabi ya bari ya gama. Sannan ka bi hanyar daga ƙarshe zuwa farko. Mai son likitanci ko aikin jinya yana buƙatar fiziks, kemistiri da bayoloji tare da Turanci da lissafi. Mai son injiniya, lissafi da fiziks da kemistiri. Mai son lauya, yawancin jami'o'i suna neman adabin Turanci, kuma akwai makarantun da ba su da malaminsa, don haka a tambaya kafin a kai yaro. Mai son aikin banki ko akanta, lissafi da tattalin arziki. Jami'a tana neman kiredit biyar, wato daga A1 zuwa C6, a darussan da suka dace da abin da za a karanta, ba kowane biyar ba. JAMB kuma darussa huɗu ce, Turanci dole, ukun kuma kwas ɗin ne ke zaɓa maka su.

Za ka haɗu da uban da zai ce, "Malam, sayins za a sa shi, ɗan maƙwabcina ma can yake." In makin lissafin yaron bai taɓa kai arba'in ba, gaya masa gaskiya cikin mutunci: ajin kimiyya ba daraja ba ce da ake rabawa, kaya ne da ake ɗauka shekara uku. Na ga yaran da aka cusa, suka fito ba kiredit a kimiyya, ba su kuma yi darussan adabi ba, ba tsuntsu ba tarko. In kuwa yaron a kan iyaka yake kuma yana so da gaske, ni ina goyon bayan a gwada shi a kimiyya, domin komawa adabi daga kimiyya a farkon tafiya ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan akasin haka.

Za ka kuma haɗu da gidan da shirinsu shi ne daga aji uku yarinya ta tsaya. Wa'azi ba ya aiki a nan, na gwada. Tambayi abin da ke damunsu. Sau da yawa nisa ne, babbar sakandaren 'yan mata tana wani gari; ko kuɗin mota; ko an riga an karɓi gaisuwar wani. Kowanne da irin maganarsa: makarantar da ta fi kusa, haɗa 'yan unguwa su riƙa tafiya tare, ko a sa ci gaba da karatu cikin sharuɗɗan da za a yi da dangin mijin. Ka tafi da wanda suke jin nauyinsa, liman ko wata malamar Islamiyya. Wani lokaci a dace, wani lokaci a'a.

Abin da aka tsayar a zaman, rubuta shi a shafin yaron, ka karanta musu su ji.

Mataki na tara: dogon hutu da satin farko a can

Masu BECE suna gama jarrabawa kafin sauran ɗalibai, sai su yi wata biyu ko fiye ba boko. Saƙonka na ƙarshe a zauren ya ƙunshi abu uku: kada a sayar wa mai ƙosai littattafan lissafi da kimiyya na aji uku, domin zangon farko a can a kansu yake ɗorawa, a ajiye takardar sakamako da shaidar kammalawa a leda, a ɗauki hotonsu a waya, yaro ya je koyon sana'a in ana so, amma a bar masa awa ɗaya ta littafi. A Kano nakan ƙara musu cewa a aji biyu na babbar sakandare akwai jarrabawar tantancewa da gwamnatin jiha ke dubawa wajen biya wa ɗalibai kuɗin NECO, don kada su ji ta daga sama.

Kada ka rushe zauren sai an yi wata guda da komawa. A sati na biyu ka tura tambaya ɗaya: wane aji aka sa yaronku, kuma waɗanne darussa ke kan jadawalinsa? Ka gwada amsoshin da abin da ka rubuta ranar zaman mutum uku. A bara yara huɗu na samu an jefa su ajin da ba shi aka tsayar ba, uku saboda ajin kimiyya ya cika, ɗaya saboda sunansa ya yi kama da na wani. Na rubuta wa kowane uba 'yar takarda mai ɗauke da makin lissafi da kimiyya na zango tara, na ce ya kai wa mataimakin shugaban makaranta mai kula da karatu da kansa, ranar Litinin da sassafe, kafin a gama rubuta rajistar aji da biro. Uku an mayar da su. Na huɗun ubansa yana tafiya, sai bayan sati biyar ya dawo.